Sabo Ake Yi wa Kuka: Ranar da Magen Gida Ta Mutu

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ruwan Bore da Mada da Wonaka, da na Tsafe da 'Yandoto, da na Bungudu da Kwatarkwashi da Nahuce, da duk wanda ya murɗo akwatin rediyonsa, ko yana bakin gona, ko yana shago, ko tana tsakar gida tana surfe. Allah ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.

Shirinmu na yau a kan wani rashi ne da ba a shimfiɗa masa tabarma, ba a zuwa masa gaisuwa, sau da yawa ma wanda aka yi wa shi ɓoyewa yake yi don kada a yi masa dariya. Ina nufin mutuwar magen gida, mussa kamar yadda muke kiranta a nan. Wadda ke kwana a gefen murhu lokacin hunturu, wadda ke goga jikinta a ƙafarki kina tuƙa tuwo, wadda ƙaramin yaro ke rabawa da ita ƙanzonsa a ɓoye. Wata rana a wayi gari a tarar da ita a miƙe bayan rumbu, ko ta fita ba ta dawo ba, sai yarinya ta fashe da kuka, sai a ce mata: "Ke tafi can! A kan mage kike wannan kukan? Uwarki ce ta mutu?"

Na san abin da ke ran wasunku tun kafin in ci gaba. Wani dattijo a majalisa zai girgiza kai ya ce: mu da muke binne 'ya'yanmu, mu da aka raba da gonakinmu, za a zo ana yi mana zancen mage? Baba, maganarka tana kan hanya, ba kuwa zan tsallake ta ba. Mutanen Ruwan Bore ba su manta farkon watan Fabrairu na 2019 ba, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa garin da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da shi, suka kashe mutane, suka yi awon gaba da wasu. Ba ran nan aka fara ba, ba kuma ran nan aka daina ba. Daga Tsafe har Bungudu, da wuya a sami zuriyar da wannan masifa ba ta taɓa ba. Ran ɗan Adam ɗaya ya fi dukan magunan duniya, wannan babu jayayya a cikinta.

Amma Baba, saboda halin da muke ciki ɗin ne ma nake ganin maganar ta kama. Yaron da ya tashi yana jin ƙarar bindiga, ya ga gawa tun bai san karatun sallah ba, in har zuciyarsa tana da sauran laushin da zai zubar wa 'yar kyanwa hawaye, to wannan laushin dukiya ce, kuma ita ce ta fi ƙaranci a ƙasarmu yau. Mutumin da ke iya harbe ɗan'uwansa gabansa bai faɗi ba, ba da haka aka haife shi ba. Tausayi ne ya riƙa mutuwa a ransa kaɗan-kaɗan, babu wanda ya kula. Duk ranar da muka kunyata yaro don ya ji tausayin abu mai rai, mun koya masa cewa tausayi rauni ne. Ni kam ina jin tsoron wannan darasi ƙwarai.

Bari mu fara tuna wace ce mage a gidan manomi. Ai ba ado ba ce. Ma'aikaciya ce da ba ta karɓar lada. Kai da ka sha rana ka noma gero da dawa da wake da gyaɗa, ka kai rumbu, ka san abin da kusu ke yi wa hatsi in ya samu sake: ya ci, ya ɓarnatar, ya huda buhu, ya yi fitsari a kan saura. Fitsari da kashin ɓera kuwa su ne hanyar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, wadda ke ƙara tashi duk shekara da rani. Mage ba ta ɗauke mana wajibin rufe abinci da share gida ba, amma gidan da take sintiri ɓera ba ya sakewa. Wannan ciniki tsakaninmu da ita tsoho ne ƙwarai. Masana sun nuna cewa magen gida ta samo asali ne daga muzurun daji, wanda ya kusanci mutane lokacin da suka fara noma da tara hatsi, shekara wajen dubu goma da suka wuce. A 2004 masu tonon kayan tarihi 'yan Faransa suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus mai shekara kusan 9,500: mutum a kwance, mage a binne kusa da shi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kamu ɗaya ba. Tun wancan zamani akwai wanda rabuwa da magensa ta yi wa ciwo.

Sai dai ba aikin kama ɓera ake yi wa kuka ba. Hausawa sun riga sun gama magana: sabo ake yi wa kuka. Mage mai samun kulawa tana iya kaiwa shekara 12 zuwa 15. Ku lissafa. Yarinyar da aka kawo wa 'yar kyanwa tana aji ɗaya, tana iya kaiwa aure magen tana nan. Tsohuwar da 'ya'yanta suka watse, wannan yana Legas, wancan yana Abuja, mijinta ya riga mu gidan gaskiya, wa take yi wa magana da daddare in ta rufe ƙofa? Amaryar da aka kai wani gari, ba ta san kowa ba, ba ta fita, wa ke zama kusa da ita tsakanin azahar da la'asar? Ran da wannan dabba ta mutu, ba nama da gashi kaɗai aka rasa ba. An rasa abokiyar zama, an rasa mai tarbar mutum in ya shigo, an rasa kukan da ake ji da asuba a bakin ƙofa. Hannu zai ci gaba da zuba ragowar abinci a kaskonta kwana da kwanaki kafin ya tuna.

Mu kuma muna da al'adar jaje. In saniyar mutum ta faɗi, ko gobara ta cinye masa rumbu, maƙwabta sukan shigo su ce: "Ashe abin da ya faru ke nan? Allah ya mayar da alheri." Me ya sa ba ma yi wa mai mage haka? Don ba a kai ta kasuwa a yi mata kuɗi. Mun auna rashin da naira, alhali zuciya ba da naira take awo ba.

Jama'a, ku matso kusa da rediyo, ga labarin da nake so kowace uwa da kowane uba su riƙe. A Madina akwai gidan Ummu Sulaim da mijinta Abu Ɗalha. Ɗanta Anas bin Malik shi ne ya yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, hidima shekara goma. Anas yana da ƙane ƙarami, bai daɗe da yaye ba, ana yi masa alkunya da Abu Umair. Yaron yana da ɗan tsuntsu kamar gwara, mai jan baki, yana wasa da shi. Sai tsuntsun ya mutu. Manzon Allah ya zo gidan kamar yadda ya saba, ya ga yaron a takure, ya tambayi abin da ya same shi, aka gaya masa. Sai ya juya ga yaron, ya kira shi da alkunyarsa kamar wani babban mutum, ya tambaye shi labarin tsuntsunsa cikin raha da lallashi. Anas ne ya ruwaito, Bukhari da Muslim suka fitar da asalin hadisin, wasu ruwayoyi suka kawo bayanin mutuwar tsuntsun da damuwar yaron.

Ku dubi wanda ya yi wannan. Mutumin da al'amarin al'umma gaba ɗaya ke wuyansa: wahayi, yaƙi, baƙi, marayu, munafukai. Shi da kansa ya binne 'ya'yansa, ya binne sahabbansa. Ya fi kowa sanin babban rashi. Duk da haka idonsa ya kai kan fuskar ɗan yaye, ya lura ta sauya, ya tambayi dalili, kuma da aka ce tsuntsu ne bai ce "tsuntsu kawai?" ba. Ya ɗauki damuwar yaron a matsayin damuwa. Wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya rubuta ɗan littafi sukutum a kan wannan hadisi, ya ciro fa'idoji wajen sittin daga cikinsa, Ibnu Hajar kuma ya kawo su a Fathul Bari. To in malamai sun ga fa'ida sittin a cikin lallashin yaron da tsuntsunsa ya mutu, mu wace hujja muke da ita ta yi wa namu tsawa?

Ita kanta mage addini bai wulaƙanta ta ba. Sahabin da ya fi kowa yawan ruwayar hadisi, duniya ta fi saninsa da alkunyar da ya samu saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka: Abu Huraira. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an kawo yadda Abu Ƙatada ya karkata wa mage ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha, ya kuma bayyana cewa Manzon Allah ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Akwai kuma hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle mage, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba, har ta mutu. Musulmin da suka gabata sun ɗauki abin da gaske. Sarkin Masar Baibars, wanda ya rasu a 1277, waƙafin lambu ya yi a Alƙahira don a riƙa ciyar da magunan da ba su da mai su. Saboda haka camfin da ke sa yara su bi baƙar mage da jifa wai mayya ce ko aljana, har su kashe ta manya na kallo, ba shi da wurin zama a gidan musulmi. Zalunci ne, kuma akwai hisabi a kansa.

Akwai wani labari daga Bagadaza da ya dace da halinmu fiye da yadda za ku zata. Wani mawaƙi makaho, Ibnul Allaf, wanda ya rasu wajen shekara ta 318 bayan Hijira, yana da mage da ya shaƙu da ita. Ta saba shiga ɗakin tattabarun maƙwabta tana cinye 'ya'yan, har suka gaji suka kama ta suka kashe. Sai ya yi mata marsiyya mai baiti 65, wadda Ibnu Khallikan ya ambata a littafinsa na tarihin mashahuran mutane, ya yaba ta ƙwarai. Amma tun a wancan lokaci wasu suka ce ba mage yake yi wa kuka ba. Abokinsa yake yi wa, Abdullahi Ibnul Mu'utazz, wanda aka kashe a shekara ta 296 bayan ya riƙe halifanci na kwana ɗaya tak. Ambaton sunansa a fili yana iya jawo wa mutum fushin masu mulki, sai mawaƙin ya zuba hawayensa a kan mage.

Ko wace ruwaya ce daidai, abin da ke cikinta gaskiya ne game da zuciyar ɗan Adam. Baƙin ciki kamar ruwan sama ne a kan soro: ba inda ya sauka yake zuba ba, inda ya sami tsaga nan yake ɗiga. Za ka ga matar da aka kashe wa miji, ta daure, ba ta yi kuka a gaban mutane ba, kowa yana yaba dauriyarta. Ta kwashe yara ta koma Gusau, ta raɓa a gidan dangi ko a wani kango. Bayan wata shida 'yar magen da yaranta suka tsinta ta mutu, sai matar nan ta zauna ta yi kukan da ya ba kowa tsoro. Kada ku ce ta zautu. Kukan miji ne, da na gida, da na gona, da na garin da ta baro, duk suka sami ƙofa a rana ɗaya. Haka yaron da aka tashe shi da tsakar dare aka gudu da shi, aka baro magensa a ƙauye. Zai yi ta tambaya: "Inna, wa ke ba ta abinci?" A ƙarƙashin wannan tambayar akwai wata da bai iya furtawa ba: yaushe za mu koma gida? Wani masani ɗan Amurka, Kenneth Doka, ya fitar da littafi a 1989 a kan irin baƙin cikin da jama'a ba su yarda mutum ya nuna ba, ya bayyana cewa rashin samun mai tausaya maka yana ƙara wa ciwon nauyi da daɗewa. Iyayenmu mata sun san wannan tun ba a rubuta ba, shi ya sa suke cewa a bar mutum ya yi kuka ya huce.

To me za a ce wa yaro? A faɗa masa gaskiya da harshe mai taushi: ta mutu, ba za ta dawo ba. Kada a ce ta yi barci, don ƙaramin yaro yana iya tsorata da barci. Kada a ce ta tafi yawo, don zai yi ta zama a bakin zaure yana jira, ran da ya gane kuma ya daina yarda da maganarku. Yaran da ba su kai shekara biyar ba galibi suna ɗaukar mutuwa kamar tafiya ce da ake dawowa, saboda haka za su maimaita tambaya sau da yawa. A yi haƙuri a maimaita amsa. Waɗanda suka ɗan tasa kuma, abin da ke cin su shi ne zargin kai: "Ni na bar ƙofa a buɗe," "Ni na dake ta jiya." Uwa ta jawo shi jikinta ta ce: "Ba laifinka ba ne, kwananta ne ya ƙare. Ka ciyar da ita, ka shayar da ita, Allah ya gani, kuma akwai lada a cikin kyautata wa duk mai rai." A koya masa yin innalillahi, don ana yin ta a kan kowace musiba, babba da ƙarama. Wannan shi ne karatunsa na farko a kan ƙaddara, kuma gara ya fara shi a cinyar uwarsa.

Wani yaron zai tambaya ko magensa za ta shiga Aljanna. Kada a yi masa alkawarin da nassi bai yi ba, kada kuma a buge masa baki. Alƙur'ani a Suratul An'am ya nuna cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu, kuma ga Ubangijinsu za a tattara su. Hadisi ya tabbatar cewa za a yi sakayya a tsakaninsu, malaman tafsiri kuma suka ce bayan nan za su koma ƙasa, babu azaba a kansu. Nassi ya kuma tabbatar cewa ɗan Aljanna yana samun abin da ransa ke so. Saboda haka ana iya ce masa: "Ba ta shan wahala yanzu. Kai dai yi ƙoƙari ka shiga Aljanna, a can ba a hana mutum abin da yake so."

Akwai iyaka, ita ma a faɗe ta. Hawaye da ɓacin zuciya halal ne, Manzon Allah ya zubar da hawaye ran da ɗansa Ibrahim ya rasu, abin da aka hana shi ne kururuwa da furta abin da ke nuna fushi da hukuncin Allah. Ba a yi wa dabba wanka da likkafani da sallah, ba a zaman makoki. Mutanen tsohuwar Masar, kamar yadda marubucin Girka Hirodotus ya ba da labari, har gashin gira suke askewa in mage ta mutu a gida, don sun ɗauke ta abin bauta. Mu ba can muka nufa ba. In kuma aka ga makonni sun shuɗe mutum ba ya ci, ba ya barci, yaro ya koma fitsarin kwance, yana firgita da dare, ya daina wasa, to abin ya wuce mage. A kai shi ga ma'aikacin lafiya, a asibitin da ya fi kusa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, a gaya musu duk abin da yaron ya gani a baya.

Gawar magen kuma, don Allah a daina jefa ta a bola ko kwata ko bakin rafi. A sa leda a hannu a ɗauka, a haƙa rami mai zurfin kamu biyu nesa da rijiya, a rufe, a danne da dutse don kada kare ya tone, sannan a wanke hannu da sabulu. In yaron yana so, a bar shi ya tsaya ya gani, ya ma taimaka da tura ƙasa. Ganin an rufe ta da mutunci yana kwantar masa da hankali fiye da dogon bayani. In a rijiya ta faɗa ta mutu, malamanmu na Malikiyya sun yi bayani: a fitar da ita, in launin ruwan ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya sauya, ba a amfani da shi sai an kwashe har ya koma daidai, in bai sauya ba ma an so a kwashe gwargwado. Ta fuskar lafiya, a yashe rijiyar, a nemi ma'aikatan lafiya su zuba maganin tsabtace ruwa, a riƙa tafasa na sha. Sannan a yi wa rijiyar murfi, don ramin da ya ci mage yana iya cin mai rarrafe.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Da yawa daga magunan da ke mutuwa a gidajenmu, mu ne sanadi, ba da niyya ba. Na farko maganin ɓera, baƙin garin nan da ake sayarwa a ƙulle-ƙulle ranar kasuwa. Sai a kwaɓa shi da busasshen kifi a ajiye bayan buhu. Wace mage ce za ta ji ƙanshin kifi ta wuce? Ko ba ta ci kai tsaye ba, tana iya cin ɓeran da ya ci. Kaji ma suna ci, kuma Allah ya kiyaye, yara ma sun sha kaiwa baki. In kina da mage, ki zaɓi tarko. Haka maganin ƙwari na gona irin su Sniper da wasu ke fesawa a ɗaki don sauro ko kuɗin cizo. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta ɗauki matakin hana sayar da ƙananan kwalabensa barkatai, don ba na cikin gida ba ne. Mage tana taka inda aka fesa, ta zauna ta lashe ƙafarta. In ka ga tana dalalar da miyau, tana karkarwa, tana amai, ka fitar da ita inda iska take, ka nemi malamin dabbobi nan take, ka tafi da kwalbar ko ƙullin maganin. Kada a ɗura mata manja ko madara, tana iya shaƙewa.

Sai kuma wanda tausayi ke jawowa. Mage ta kwanta ba ta da lafiya, sai uwar gida ta ɓallo farasitamol ta jiƙa ta ba ta. Goggo, ki ji ni da kyau: hantar mage ba ta iya sarrafa farasitamol kamar tamu. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Fuska da ƙafafu su kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Kada a ba mage maganin mutane, kada a shafa mata maganin kaska na shanu ko na karnuka. Ita kuma dabba ce mai ɓoye ciwo, in ta daina ci kwana ɗaya zuwa biyu, ko ta laɓe a lungu ba ta fitowa, to abin ya yi nisa. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Gusau, akwai malaman dabbobi a ƙananan hukumomi, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ba na shanu da awaki kaɗai ba ne, kai magenka ba abin kunya ba ne.

Wannan kuma maganar rai ce, ku riƙe ta. In mage ta sauya hali kafin ta mutu, ta koma cizo ba dalili, tana zubar da miyau, ko ƙafafunta suka shanye, musamman in kare ya taɓa cizonta, a yi zaton ciwon haukan kare. Duk wanda ta ciza ko ta yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar don allura. Kada a tsaya jiran alama, don da zarar alamar ciwon ta bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi ta cizon kare, kuma yara suna da yawa a ciki. Akwai rigakafinsa ga dabbobi tun suna wata uku, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu haɗa allurar. Yara sukan ɓoye yakushi don tsoron faɗa, saboda haka a tambaye su a hankali.

Mu koma kan yarinyar da magenta ta mutu: kada a yi saurin cewa "share hawayenki, gobe a kawo miki wata." Yarinyar ba mage take nema ba, tata take nema. A bari sai ita da kanta ta nuna tana so. In lokacin ya yi, ba sai an je nesa ba: magunan da masu su suka gudu suka bari, da 'ya'yan da ake haifa a kangaye, sun cika unguwanni. Sai dai a bar 'yar kyanwa wurin uwarta har ta yi mako takwas kafin a raba su. Samarin da ake ba buhu cike da 'yan kyanwoyi idonsu bai buɗe ba a ce su je su yar a daji, ku ƙi karɓa. Ku bi gida-gida ku tambaya, mai rumbu ba ya rasa bukatar mage.

Lokacinmu ya yi, jama'a. Roƙona gare ku biyu ne, kuma na daren yau ne. Kafin ku kwanta, ku duba inda aka ajiye maganin ɓera da na feshi, ku ɗauke shi daga inda mage ko kaza ko yaro zai kai. In kuma akwai yaro ko tsohuwa a gidanku ko maƙwabta da magensu ta mutu kwanan nan, ku shiga ku yi musu jaje, ku tambaye su yadda abin ya faru, ku zauna ku saurara har su gama.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.